Wace cuta ake ɗauka, wacce ce ba a ɗauka?

"Assalamu alaikum likita. Ni malama ce a wata makarantar firamare, aji uku nake koyarwa. A zangon nan wani yaro ya faɗi a aji da farfaɗiya, yara suka watse, har wasu iyaye suka ce ko a cire shi ko su cire nasu. A makon kuma wata yarinya ta zo da ƙuraje a fuska da jan ido, ba wanda ya ce uffan, daga baya aka ce ƙyanda ce. Hedimasta ya ce ni zan yi wa iyaye bayani a taron da za a yi. To ni kaina ina jin ana cewa cuta mai yaɗuwa, cutar da ake ɗauka, wane ya harbu, annoba, killacewa, ban sani ba ko duk abu ɗaya ne. Don Allah a warware mini, a kuma gaya mini wane yaro ne ya kamata ya zauna a gida."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da kika nemi sani kafin ki tsaya gaban iyaye. In na fahimce ki, abu biyu kike nema: ma'anar kalmomin nan da ake ta ji a rediyo, da yadda za ki gane yaron da zamansa a aji haɗari ne ga sauran. Amsarsu a wuri ɗaya take. Abin da ya faru a ajinki kuwa shi muke gani kullum a asibiti. An guje wa yaron da ba ya sa wa kowa komai, an zauna benci ɗaya da yarinyar da ke ɗauke da cutar da kusan babu wadda ta kai ta saurin bin mutane.

Kamuwa daban, ɗauka daban

A wurinmu cututtuka gida biyu ne. Akwai waɗanda wani abu ne ya shigo jiki daga waje ya hayayyafa a ciki, shi muke kira ƙwayar cuta. Akwai kuma waɗanda daga jikin suka taso, ko an gada, ko wata gaɓa ta gaza, ko shekaru da yanayin ci da sha suka kawo: hawan jini, ciwon suga, sikila, asma, farfaɗiya. Wannan gida na biyu ba a ɗaukarsa, ko da kwano ɗaya ake ci, ko da a tabarma ɗaya ake kwana.

Ƙwayoyin cutar su ma iri-iri ne. Bakteriya ce ke kawo tarin tibi, kwalara, taifot, kuturta da mashaƙon da ya addabi Kano. Bairus, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ke kawo mura, ƙyanda, shan inna, ƙanjamau da zazzaɓin Lassa. Sai tsutsotsi da dangoginsu, irin na tsargiya da kurkunu da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sai kuma fangas mai kawo makero da ƙora. Ba don ki haddace na kawo wannan rabon ba. Amfaninsa shi ne kafson nan ja da rawaya da ake saya a kemis, da duk 'yan'uwansa da muke kira antibayotik, bakteriya kaɗai suke kashewa. Uwar da ta ɓare kafso ta jiƙa wa yaro don mura ba ta taɓa murar ba, sai dai ta koya wa bakteriyar da ke jikinsa jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci.

To a cikin cututtukan da ƙwaya ke kawowa, ba kowacce ce ke tsallakawa daga majinyaci zuwa mai jinya ba, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Zazzaɓin cizon sauro ƙwaya ce ke kawo shi, amma ki rungume ɗanki dare guda yana rawar ɗari, ba za ki ɗauka ba sai in macen sauro ta cije shi, ƙwayar ta yi kwanaki tana girma a cikinta, sannan ta cije ki. Sarƙewar haƙora ma haka: ƙwayarta a ƙasa da kashin dabbobi take, ta rauni take shiga, ko ƙusa ta soki ƙafa, ko a yanke cibiyar jariri da reza mai datti. Mai ita ba ya sa wa kowa. Ƙyanda kuwa, da ƙarambau, da tarin tibi, mutum ne ke ba mutum kai tsaye.

Hausa tana da kalmomin raba waɗannan, mu ne muke cakuɗa su. "Kamuwa" ta kowace cuta ce, shi ya sa ake cewa ya kamu da hawan jini kamar yadda ake cewa ya kamu da kwalara. "Ɗauka" kuwa tana nuna akwai wanda aka ɗauka a wurinsa, kuma ita ce ainihin tambayar da dangi ke yi mini a bakin gado, murya ƙasa-ƙasa: "Likita, ana ɗauka?" "Harbuwa" 'yan jarida ne suka fi amfani da ita, musamman a labaran ƙanjamau da korona, tana nufin ƙwayar ta shiga jiki, ko an fara ciwo ko ba a fara ba. Ita kuma "yaɗuwa" maganar gari take yi, ba ta mutum ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro yana yaɗuwa a unguwa duk damina alhali babu wanda ya ɗauke shi a hannun wani. Saboda haka in kin ji an ce "cuta mai yaɗuwa", ba a riga an gaya miki ko za ki guji mai ita ba. Sai kin ƙara tambaya.

Ta ina take bi?

Wannan ita ce tambayar da nake so ki ba iyaye su tafi da ita gida. Kowace ƙwaya da hanyarta, kuma hanyar ce ke faɗa miki abin yi.

Wasu ta iska suke bi, a numfashi da tari da atishawa. Ƙyanda ce uwarsu. Ƙwayarta takan yi har awa biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita, kuma yaro ɗaya kan iya sa wa yara 12 zuwa 18 in ba su da riga-kafi. Tarin tibi ma ta iska yake bi, sai dai shi yana son dogon zama tare a ɗaki rufe. Na sha zuwa gida na tarar an ware wa mai tari kwanonsa da kofinsa da cokalinsa, an yi musu alama, matarsa tana nuna mini da alfahari cewa ba mai taɓawa. Sai in leƙa ɗakin: taga an toshe da kwali saboda sanyi, yara uku suna kwana a gefen gadonsa. Kwanon bai taɓa zama matsala ba. Tagar ce. Da an bar masa kwanon gida ya ci da mutane a tsakar gida, aka buɗe tagar, aka mayar da yaran wani ɗaki na 'yan makonni, da an kare su ba tare da an karya masa zuciya ba.

Wasu ta baki suke shiga, daga bayan gidan wani zuwa ruwa ko abinci ko hannu: kwalara, taifot, shan inna, yawancin gudawar yara. A nan rufe hanci ba ya amfani, sabulu da tsabtataccen ruwa da masai ne magani. Wasu ta jini da saduwar aure da haihuwa: ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B. Waɗannan ba a ɗaukarsu ta gaisuwa, ko cin tuwo tare, ko buta, ko sauro, amma ana ɗauka ta askar wanzami da ba a sauya ba, da allura ɗaya ga mutum biyu, da abin yankan farce na yawo. Wasu ta taɓa fata da tufafi ne, kamar ƙazuwa da makero. Ciwon idon da muke kira Apolo, wanda ya samu sunan saboda ya ɓulla a Gana a 1969, shekarar da jirgin Apollo 11 ya sauka a wata, ba ta kallon idon mai shi ake ɗauka ba kamar yadda yara ke cewa. Hannu ne, da tawul, da kwallin da ake zagayawa da shi.

Sai waɗanda ke da ɗan aike. Sauro yana kai zazzaɓi da tundurmi. Ɓera yana kai zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi da abincin da aka bari a buɗe, kuma ita Lassa, wadda aka sa wa sunan wani gari a Jihar Borno inda aka fara gane ta a 1969, tana kuma bi ta jini da ruwan jikin majinyaci, shi ya sa take kashe ma'aikatan asibiti. Tsargiya sai yaro ya yi fitsari a kududdufi, ƙwayar ta shiga katantanwa, ta fito, ta huda fatar wani yaron da ke wanka. Fitsarin jini a yaro namiji ba alamar girma ba ce kamar yadda wasu tsofaffi ke ɗauka, ciwo ne mai magani.

Sunayen da muka gada

Kakanninmu masu lura ne ƙwarai, amma abin da ido ya gani suka sa wa suna, don ba su da madubin ganin ƙwaya. Wuya ya sanƙare, suka ce sanƙarau. Haƙora sun sarƙe, suka faɗa. Shi ya sa suna ɗaya kan ɗauki cututtuka uku ko huɗu da hanyoyinsu ba su ko haɗu ba, kuma a nan ake asarar rayuka.

Ɗauki shawara. Duk wanda idonsa ya yi rawaya, an ce shawara ce, a nemo saiwa a jiƙa. Amma rawayar ido alama ce, ba cuta ba. Tana iya zama ciwon hanta nau'in A ko E da ake sha a gurɓataccen ruwa. Nau'in E ya ɓarke a Diffa a 2017, kuma mata masu ciki ya fi yi wa illa. Tana iya zama nau'in B da ke bi ta jini, wanda akasarin masu shi ma idonsu fari tas yake, sai bayan shekaru hanta ta lalace. Tana iya zama zazzaɓin shawara na ainihi da sauro ke kaiwa, wanda allura ɗaya ke karewa har ƙarshen rayuwa, shi ne na katin nan mai ruwan ɗorawa da ake tambayar matafiya. Tana iya zama zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, ko sikila ce ta motsa, ko jariri ne ɗan kwana uku da ke buƙatar a sa shi a wutar asibiti kafin abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. In aka tambaye ni ko ana ɗaukar shawara, ba ni da amsa sai na ga gwajin jini.

Fuka ma haka. A bakin tsofaffi fuka ita ce numfashin nan mai shesshekar da ke tashi lokacin hunturu da ƙura, wato asma, wadda ba a ɗauka. A rediyo da takardun gwamnati kuwa tarin fuka shi ne tibi. Sai ki ga an tsangwami yarinya mai asma har ta rasa miji, a ɗaya gefen kuma magidanci ya yi wata huɗu yana tari yana ramewa yana gumin dare, yana cewa fukar gidansu ce, gado ce. Ni dai a ɗakin duba marasa lafiya "tibi" nake cewa ƙarara don kada a sami ruɗani. Duk tarin da ya kai mako biyu a kai kaki a gwada. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha ba fashi, kuma bayan makonnin farko na shan magani yadda ya kamata haɗarin sa wa wasu yana raguwa ƙwarai.

Wannan kalma ta "gado" tana ɓatar da mutane da yawa. Cuta ta bi gida ɗaya ba ya nufin a jini take. Tibi da kuturta suna bin gida ne saboda iska ɗaya ake shaƙa. Kuturta kuwa, duk da tsoron da ake yi mata, tana cikin mafi wuyar ɗauka: kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu ba ya karɓarta, maganinta na wata 6 zuwa 12 ne, kuma da an fara sha mutum ya daina sa wa kowa. Wanda kika gani da dungulmin yatsu sau da yawa ya warke tun shekaru, tabon ne ya rage. Abin da ake gada da gaske, kamar sikila, shi kuma ba a ɗauka.

Mashaƙo ya fi ba ni tsoro a 'yan shekarun nan. Da can duk shaƙewar murya da ƙirji mashaƙo ne, abin da ake sha wa citta da zuma. Da wata muguwar cutar maƙogwaro ta ɓarke a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022, sai aka kira ta da wannan tsohon suna, iyaye da yawa suka ɗauka wanda suka sani ne. Ba shi ba ne. Yaro zai fara da ciwon wuya da ɗan zazzaɓi, wuyan ya kumbura har a zaci hangum ne, in aka haska tocila a bakinsa sai a ga wata fata mai ruwan toka ta manne a maƙogwaro. Wasu sukan kai wa wanzami ya cire beli, jini ya ɓalle, yaron ya iso mana numfashi na fita da ƙyar. Gubar ƙwayar tana kuma kama zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da ake ganin an samu sauƙi. Alluran da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 suna kare ta, kuma akasarin yaran da ta kwantar ba su samu ba.

Sanƙarau sunansa ya yi daidai ga manya, amma jariri wuyansa ba lallai ya sanƙare ba. Abin dubawa a jikinsa shi ne maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, kuka mai ƙara ko barci marar tashi. Mutane suna cewa zafi ne ke kawo shi, don daga hunturu zuwa bazara yake zuwa, ya lafa da saukar ruwa. Sun ga lokacin daidai. Bushewar iska da ƙura suna raunata hanci da maƙogwaro, ƙwayar da ke zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya ta sami ƙofa, cunkoso a ɗaki ya ƙarasa aikin. Muna tsakiyar yankin da yake bi, daga Senegal har Habasha, kuma waɗanda suka ga 1996, lokacin da ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, ba sa buƙatar a yi musu bayani.

"Ciwon sanyi" kuwa ya zama buhun da ake zuba komai: ciwon gaɓoɓi, ƙaiƙayin mata, da cututtukan saduwa. A wurin iyaye mata za ki iya cewa ba a masai ake ɗaukarsa ba. Wani ba a ɗaukarsa ma sam, wani kuma sai an yi wa miji da matansa duka magani lokaci guda, in ba haka ba ya riƙa zagayawa. Shan inna ma sunansa ya ɗora laifin a kan aljanu, alhali bairus ne da ke bi ta bayan gida. Cikin yara kusan 200 da ya shiga jikinsu ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yawo da shi lafiya lau suna zubarwa. Wannan ne dalilin bin gida-gida da ɗigo har ga yaran da ba su da komai, kuma da haka aka kai ga tabbatar da Afirka ta rabu da asalin bairus ɗin, wanda ake kira na daji, a watan Agustan 2020, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016.

Ki lura kuma cewa sunayen suna sauyawa daga gari zuwa gari. Abin da Bakano ya kira ƙyanda wani baƙon dauro zai ce, ƙanjamau a Nijar sida ce. In kina magana da iyaye ki faɗi suna, ki bi shi da alamomi, don ki tabbata abu ɗaya kuke nufi.

Ɓulla, ɓarkewa, annoba, killacewa

Ukun farko na ma'aunin yawa ne. Cuta ta ɓulla in an gan ta inda ba a saba ba. Ta ɓarke in masu ita sun zarce abin da aka saba gani a wannan wuri a wannan lokaci, kuma ga wasu cututtuka, kamar Ebola da shan inna, mutum ɗaya ma ɓarkewa ce. In ta mamaye yanki ta fi ƙarfin asibitocinsa, annoba ke nan. In ta tsallaka nahiyoyi, kamar korona da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a ranar 11 ga Maris 2020, sai a ce annobar da ta game duniya. Akwai kuma zaunanniyar cuta, wadda ta zama 'yar gida har an daina jin tsoronta. Zazzaɓin cizon sauro ke nan: Najeriya kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, amma ba mai kiransa annoba. Kalmar ba ta auna muni, baƙunta take aunawa.

Killacewa muna amfani da ita ga abu biyu. Akwai keɓe wanda ciwon ya riga ya bayyana a jikinsa, akwai kuma tsare wanda ya yi mu'amala da shi ko da lafiyarsa ƙalau, har kwanakin da cutar ke yi a ɓoye su wuce. Kowace cuta da nata kwanakin: Ebola har 21, korona aka sa mata 14, ƙyanda galibi 10 zuwa 14. Da wannan bin diddigi aka tare Ebola a Legas a 2014, bayan da Dakta Stella Adadevoh ta hana majinyacin farko fita daga asibiti, ita kanta ta rasa ranta a dalilin haka.

A taron za a sami wanda zai ce ba mai sa wa wani cuta sai Allah. Kada ki yi musu da shi, gaskiya ya faɗa, amma Allah ya sanya sababi. Annabi (SAW) ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta auku kuna ciki kada ku fita. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. In akwai limami a cikin iyayen, ki roƙe shi tun kafin taro ya faɗi wannan da bakinsa, ya fi shiga.

Yaran ajinki

Mai farfaɗiya ya zauna a ajinsa. Wutar ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa na ɗan lokaci, kuma ko da wani tsohon ciwo kamar sanƙarau ne ya bar masa ita, ita kanta ba a ɗauka, ba ta yawu, ba ta kumfar baki, ba ta tusa, ba ta tsallake shi. In ya faɗi a janye benci, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa. In jijjigar ta wuce minti biyar a tafi asibiti. Akwai magungunan da ke hana ta tashi in ana sha kullum, ki ƙarfafa wa iyayensa su riƙe. Ina roƙonki, ranar da ya dawo ki kama hannunsa a gaban yara, ki zaunar da shi kusa da ke. Haka mai sikila, mai asma, zabiya, mai ƙanjamau da mai ciwon hanta nau'in B: babu ɗayansu da ake kora daga aji, kuma sirrin ciwonsu ba na taron iyaye ba ne.

Wanda zai zauna a gida shi ne mai zazzaɓi da ƙuraje, har sai ma'aikacin lafiya ya gani. Mai ƙyanda yana sa wa wasu tun kwana huɗu kafin ƙurajen su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu, don haka ranar da kika ga fuskar yarinyar nan ta riga ta yi kwanaki tana rabawa. Mai ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Mai hangum kwana biyar daga fara kumburi. Mai gudawa ko amai sai ya tsaya. Mai ƙazuwa ya dawo da zarar an shafa magani, amma a yi wa duk gidan tare, a wanke shimfiɗa a shanya a rana. Mai ciwon wuya da kumburi ko wahalar haɗiya kuwa asibiti za a nufa da shi a ranar.

Daga nesa ba zan iya tabbatar miki cewa abin da yarinyar ta yi ƙyanda ba ne, don akwai ƙuraje masu kama da ita, kuma ko mu sai da gwajin jini muke yanke hukunci. Amma zato kaɗai ya isa a kai rahoto. Hedimasta ya sanar da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, su za su isar wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ki riƙa duba ajin har mako uku daga ranar da ta zo: duk wanda ya fara zazzaɓi da mura da jan ido a mayar da shi gida tun kafin ƙuraje. Ki gaya wa iyaye kada a kulle mai ƙyanda a ɗaki a hana shi ruwa da wanka, kada a ɗiga masa komai a ido, a kai shi a ba shi sinadarin bitamin A, don ƙyanda tana makantarwa, tana kuma kashewa ta hanyar ciwon huhu da gudawa. A takardar gayyatar taron ki rubuta cewa kowace uwa ta zo da katin riga-kafin 'ya'yanta, har da na goye, a nemi ma'aikaciyar asibitin ta zauna a bakin ƙofa tana dubawa. Allurar ƙyanda ta farko a wata tara ake yi, ta biyu a wata goma sha biyar, kuma wanda ya tsallake ana iya yi masa yanzu.